Kogin Ba Namu Ba Ne: Girman Kai da Ranar Lissafi



Duk lokacin da aka yi wa'azi a kan girman kai, kowa a cikin majami'a yakan tuna da wani mutum dabam. Talaka ya tuna da mai kuɗi, mai kuɗi ya tuna da mai mulki, matashi ya tuna da dattijo, dattijo kuma ya tuna da 'yan makaranta. A tashi sujada kowa ya tafi gida da murna, yana cewa yau an faɗa wa wane gaskiya. Shi ya sa wannan zunubi ya daɗe a cikinmu. Ba ya jin sunansa in an kira shi.

Muna so mu kawo wani ma'auni wanda kowa zai iya gwada kansa da shi, ko ya yi karatu ko bai yi ba. Ga shi: mutum mai tawali'u shi ne wanda za a iya tambayarsa lissafin abin da aka sa a hannunsa, ya kuwa bayar ba tare da fushi ba. Mai girman kai shi ne wanda tambaya take ɓata masa rai. Sunkuyar da kai da sanyin murya ba su isa shaida ba, gama akwai masu durƙusawa har ƙasa wajen gaisuwa waɗanda in ka ce su buɗe littafin kuɗin ƙungiya sai fuskarsu ta sāke. Dukanmu za mu tsaya gaban Allah mu ba da lissafi, kamar yadda Romawa sura 14 ta koya mana. Wanda ya ƙi ba da lissafi ga ɗan'uwansa yau, ina ya koyi yadda zai bayar a wannan rana?

Sarkin da ya ƙaunaci noma

A cikin Littafin Tarihi na Biyu, sura 26, akwai labarin da ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta karanta. Labarin Uzziya ne, sarkin Yahuza. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52. Mutum ne mai son ƙasa da aikin gona. Ya haƙa rijiyoyi da yawa domin garkunan shanunsa, ya gina hasumiyoyin tsaro a jeji, ya sa manoma da masu gyaran inabi a kan tuddai da wurare masu dausayi. Da a zamaninmu yake, da mun ce gwarzon raya karkara ne. Littafin ya kuma nuna cewa muddin yana neman Ubangiji, aikinsa yana albarka.

Faɗuwarsa ta zo ne bayan da ya yi ƙarfi. Ya shiga Haikali domin ya ƙona turare, aikin da aka keɓe wa firistoci kaɗai. Azariya firist ya bi shi tare da firistoci 80, suka tsaya gabansa, suka ce masa ya fita. Ku lura da wannan wuri da kyau. Har zuwa lokacin nan ƙofa tana buɗe. Da ya ajiye kaskon turaren ya juya, da labarin ya ƙare dabam. Amma ya husata domin an yi masa magana, yana cikin fushin kuwa kuturta ta fito masa a goshi. Ya ƙare kwanakinsa a wani gida shi kaɗai, ɗansa Yotam yana riƙe da sha'anin mulki.

Uzziya bai yi sata ba, bai bauta wa gunki ba. Rijiyoyinsa na kirki ne, gonakinsa kuma na kirki ne. Abin da ya kā da shi shi ne ya kai matsayin da yake ganin babu mai ikon ce masa tsaya. Nasarar da ya samu a gona da wajen yaƙi ta sa ya ɗauka cewa babu iyakar da ta shafe shi.

Abin da kogin Wudil ya gani

Mu da muke zaune a ƙasar Wudil muna da malami a bakin ƙofa, watau kogin da ya ratsa ƙarƙashin gada. Ruwan nan ba a nan ya faro ba. Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin su iso mu. Daga nan ruwan ya nufi Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa, abin da ya rage kuma ya gangara zuwa Tafkin Chadi. Akwai mutane a samanmu, akwai mutane a ƙasanmu. Mu muna tsakiya.

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga aikin gina madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da ƙasa take fitowa daga babban farin 1972 da 1973, sa'ad da dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Kada kowa ya rena wannan aiki. Daga Tiga aka jawo ruwa zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara sashi na fari ya kai hekta 22,000. Mutanen da dā sukan tafi cin rani suka zauna gida suna noman alkama da tumatir da shinkafa. Birnin Kano ma ya sami ruwan sha. A 1992 kuma aka gama madatsar Challawa a ƙasar Karaye. Muna gode wa Allah saboda hikimar da ya ba waɗanda suka auna ƙasa, suka zana, suka gina.

Amma akwai waɗanda ba a zauna da su ba sa'ad da ake shirin. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun dogara ne ga ambaliyar da takan zo kowace damina. Ruwa ya cika fadama su shuka shinkafa, masunta su kama kifi. Ruwa ya janye su shuka wake da sauran amfanin rani a kan laimar da ya bari, makiyaya su sami ciyawa, rijiyoyi kuma su cika daga ƙarƙashin ƙasa. Da aka tare ruwan a sama, ga kuma shekarun ƙarancin ruwan sama, sai ambaliyar ta ragu ƙwarai. Filin da ruwa yakan rufe, wanda a shekarun 1960 yakan kai hekta 250,000 ko fiye, ya koma ƙasa da hekta 100,000 a shekaru da dama daga baya.

Wata matsala kuma ta biyo baya wadda ba wanda ya yi tsammaninta. Dā kogin yakan ƙafe da rani, rana ta ƙone ciyayin da ke cikinsa. Da aka fara sakin ruwa kaɗan kaɗan dukan shekara, sai kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu kuma ruwa ya kwanta musu a gona ya ƙi tafiya. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da ya bazu a fadama yana kawo amfani, in an haɗa noma da kifi da itacen wuta, fiye da ruwa mai yawa irinsa da aka kai gonakin rani na sama. Lissafin ya zo ne bayan an riga an gina.

Mu ma a nan mun ɗanɗana namu. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta fashe bayan ruwan sama mai yawa. A ƙarshen daminar 2001 Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, ruwa ya sauko ya ci gidaje da gonaki a jihohin Kano da Jigawa, ƙasar Wudil kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Waɗanda suka ga wannan shekara ba su manta ba. A lokacin mun san yadda mutum yake ji in abin da aka yi a samansa ya sauko masa cikin dare.

Sai a shekara ta 2006 shugabannin jihohi shida da kogin ya haɗa, watau Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka taru a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya, suka amince da shiri guda na kula da ruwan, suka kafa asusu dominsa. Zaman ya yi kyau. Amma ku ƙirga: daga 1974 zuwa 2006 shekara 32 ke nan kafin na sama ya zauna ya saurari na ƙasa yadda ya kamata.

Annabi Ezekiyel, a sura 29, ya kawo maganar Allah a kan Fir'auna, laifin da aka ambata kuwa shi ne ya ɗauki kogin Nilu mallakarsa, kamar shi ya yi shi da hannunsa. Ba mu ce waɗanda suka gina Tiga sun faɗi haka ba. Mutane ne da suka ga yunwa suka nemi magani. Abin da muke cewa shi ne, ko aikin kirki yakan yi ɓarna in mai yinsa bai ga wajibi ne ya amsa tambayar wanda aikin zai shafa ba. Ruwa na Allah ne. Wanda ya riga ka samunsa ba shi ne mai shi ba, kai ma da ka riga wani ba kai ne mai shi ba.

Kada mu fassara masifa yadda ba haka ba

A nan dole mu yi hankali. Wani zai ce, to, ashe ambaliya da fari hukunci ne a kan masu girman kai. Ubangiji Yesu ya hana mu wannan fassara. A Luka sura 13 ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. A Yahaya sura 9 kuma ya ƙi yarda cewa makantar mutumin nan daga zunubinsa ne ko na iyayensa. Gwauruwar da ruwa ya rushe wa ɗaki a 2001 ba ta yi wa kowa fahariya ba. 'Yan'uwanmu masu fama da ciwon kuturta ba Uzziya ba ne, ciwo ne mai magani, wanda ya rena su kuwa shi ne mai girman kan. Sau da yawa wanda ya yi girman kai dabam, wanda ya sha wahalarsa dabam. Wannan ne ma ya sa laifin ya yi nauyi.

Abin da shekarun wahala suke koya mana shi ne iyakar ikonmu. Dattawanmu sun ga dalar gyaɗa a Kano, buhu kan buhu har sama, ana ɗaukar hotonta ana kai wa ƙasashen duniya. Fari ya zo, sa'an nan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, ta cinye amfanin shekarar. Ga kuma kuɗin man fetur da ya janye hankalin hukuma daga noma. Dalar ba ta sāke tashi ba. A 1983 ciwon bushiya ya shiga garkunan shanu a arewa, masu zuwa karar Wudil ran Jumma'a suka ga mai garke ya wayi gari da sanda kaɗai. A 2016 wata ƙaramar tsutsa ta lalata tumatir a gonakin Kano da Kaduna cikin 'yan makonni. A 2023 aka janye tallafin man fetur, mai injin ban ruwa ya ga kuɗin mai ya ninka har ribar rani ta tsaya a gidan mai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da manomi ya shirya. Yaƙub sura 4 ta gargaɗe mu a kan masu tsara cinikin shekara guda kamar gobe tana aljihunsu. Mu yi shiri, mu yi lissafi, amma mu san ran da muke shirin da shi aro ne.

Yadda abin yake shiga ƙungiya

Yana da sauƙi mu yi maganar sarakuna da gwamnoni. Bari mu dawo gida. Ƙungiyar gama kai ƙaramin kogi ce. Kuɗi da taki da iri da ruwa suna bi ta hannun wasu kafin su kai ga wasu. Duk wanda abin ya fara bi ta hannunsa yana zaune a sama ne, kamar Tiga. A cikin yawon da muke yi na aikin gona mun ga girman kai yana shiga ta ƙofofi huɗu.

Ta fari, ƙofar ma'aji. Mutum ne amintacce, shi ya sa aka zaɓe shi. Shekara ta fari ya karanta lissafi dalla dalla. Shekara ta uku ya faɗi jimla kawai. Shekara ta biyar ya ce littafin yana gida. Watakila bai ci ko kwabo ba. Amma ya fara jin cewa tambaya zargi ce, mutane kuma suka fara jin nauyin tambaya. Daga nan gunaguni ya koma bayan fage, masu biyan kuɗin wata suka ja baya, ƙungiya ta mutu ba tare da an san ranar mutuwarta ba.

Ta biyu, ƙofar shugaba. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya yi ta zirga-zirga har aka yi mata rajista, shi ya san ma'aikatan ofishin gona. Duk gaskiya ne. Sannu a hankali sai “ƙungiyarmu” ta zama “ƙungiyata”. In taki ya zo, a sauke a ƙofar gidansa. Lokacin zaɓe ya yi, a ce ai babu wanda zai iya sai shi. Shekara 15 babu wanda ya koyi aikin, ran da ya kwanta ciwo komai ya tsaya.

Ta uku, ƙofar mai gona a bakin ruwa. Inda ake rabon ruwa ta hanya guda, na farko yakan sha ya ƙoshi har gonarsa ta yi laka, na ƙarshe kuwa albasarsa tana bushewa. Wani ya wanke tankin feshi a cikin ruwan da masunta suke kama kifi, mata suke wanki, shanu suke sha. Wani ya nome burtali domin ya ƙara kunya biyar, sa'an nan in shanu sun shiga gona ya ce makiyaya ba su da mutunci. Kowannensu in ka yi masa magana zai ce gonarsa ce. Littafin Firistoci sura 25 ya riga ya amsa: ƙasa ta Ubangiji ce, mu baƙi ne masu zaman aro a kanta.

Ta huɗu, ƙofar masu ilimi, mu malaman gona da malaman makaranta muna cikin masu wannan haɗari. Wanda ya riƙe takardar shaida yana iya shiga ƙauye da amsa a aljihu tun bai ji tambaya ba. Shekaru da yawa ana ce wa manoma su daina haɗa gero da wake a gona ɗaya, wai hanyar dā ce. Daga baya masu bincike a Samaru ta Zariya suka auna, suka tarar manomin yana da hujja: haɗin yana rage hasara in damina ta yi gardama, wake kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya san gonarsa shekara 40. Malamin da ba ya iya zama a kan tabarma ya saurare shi bai gama karatu ba.

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. A ƙungiya kuwa, mutum ɗaya ne yake naɗa rawanin, amma tsiyar kowa take samu.

“Allah kaɗai zan ba lissafi”

Akwai amsar da muke yawan ji, tana kuma da kamannin ibada. Mutum ya ce, “Ni tsakanina da Allah nake aiki. Shi ya san zuciyata. Ba na bukatar in nuna wa mutum takarda.” Wani kuma ya ce, “Mu 'yan'uwa ne cikin Kristi. In sai an bincika ni, ina amincin yake?”

Ba mu rena wannan magana ba. Gaskiya ne Allah yana ganin abin da littafi ba ya nunawa. Gaskiya ne kuma akwai masu tambaya da mugun nufi, masu neman kunyata mutum a gaban jama'a, akwai ma'aji da yawa da suka yi aiki shekaru ba lada sai zargi. Irin wannan tambaya ita ma girman kai ce, ikilisiya kuwa ta tsawata mata.

Amma mu dubi bayin Allah da suka fi mu. Sama'ila ya shugabanci Isra'ila tun yana saurayi har ya yi furfura. Da zai sauka, a Sama'ila na Fari sura 12, ya tsaya gaban dukan jama'a ya ce duk wanda ya taɓa karɓar wa sa ko jaki, ko ya zalunta, ko ya karɓi toshiya a hannunsa, ya fito ya faɗa, zai biya. Ba wanda ya tilasta masa. Shi ya kira binciken da kansa. Manzo Bulus kuma, sa'ad da yake tattara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A Korintiyawa ta Biyu sura 8 ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi tafiyar tare da su, domin kada a sami abin zargi, gama yana so abin ya zama daidai a idon Ubangiji da idon mutane duka. In Bulus bai ga kansa ya fi ƙarfin mai rakiya ba, wane ne ma'ajin da ya fi ƙarfin mai duba littafi?

Lissafi a fili yana tsare mai gaskiya ne. Ran da wani ya tashi da ƙage, littafin da aka karanta kowane wata shi zai tsaya masa shaida. Yana kuma tsare mai rauni, gama yawancin waɗanda suka ci kuɗin ƙungiya ba da niyyar sata suka fara ba. Yaro ya yi ciwo, aka ara da nufin mayarwa bayan kaka, ba wanda ya tambaya, aka sāke ara. Da akwai mai tambaya a watan fari, da an ceci mutumin da sunansa.

Ga kuma wani dalili. A wannan ƙasa mu kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna shan kogi ɗaya. Da yawa ba za su taɓa shiga majami'armu su ji wa'azi ba, amma sun san ko mudunmu cikakke ne, sun san ko ƙungiyarmu tana biyan bashi a kan lokaci. Wannan ita ce shaidar da suke karantawa.

Tawali'u ba lalaci ba ne

Kada wani ya ji wannan duka ya ce, to, gara in zauna yadda nake, kada in nemi ci gaba, kada a ce ina girman kai. A misalin talanti, Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta shi ne wanda ya binne abin da aka ba shi. Shi ma an tambaye shi lissafi. Manomin da ya ƙi gwada sabon iri, ya ƙi kai taki gona, ya bar zaizaya tana cin ƙasarsa, sa'an nan ya ce haka Allah ya so, ya ɗora wa Allah laifin sakacinsa ne. Wanda aka zaɓa ya riƙe aiki ya ƙi, yana cewa shi ba kowa ba ne, alhali yana iyawa, ya bar kayan ne a kan wasu. Mu haƙa rijiya kamar Uzziya, mu sayi inji, mu ƙara eka, mu kai yara makaranta. Abin da ake nema shi ne in Azariya ya zo ya ce tsaya, mu iya tsayawa.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

Domin kada maganar ta tsaya a takarda, ga shawarwari bakwai da za a iya ɗauka a taro mai zuwa.

1. A karanta lissafin kuɗi da na kaya a kowane taron wata, da Hausa, da murya mai ƙarfi, abin da ya shigo da abin da ya fita, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa.

2. Kada kuɗi ya fita sai da hannun mutum biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Kuɗin da ya wuce na bukatar mako ya kwana a banki.

3. A zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba littafi da sito sau biyu a shekara. Ɗaya daga cikinsu ta zama mace, gama zumuntar mata ta daɗe tana nuna mana yadda ake riƙon kuɗin jama'a.

4. A sa wa kowane muƙami wa'adi. Wanda ya yi sau biyu ya huta, ya koya wa na bayansa.

5. A raba taki da iri a fili, da rana, a gaban kowa, ana kiran suna. Shugabanni su karɓi nasu a ƙarshe.

6. Inda ake rabon ruwa, a rubuta ranar kowa, wani lokaci kuma a fara daga gonar ƙarshe. Kafin a tare ruwa ko a haƙa sabuwar hanya, a je a zauna da na ƙasa, da masunta, da makiyaya, ko 'yan ikilisiya ne ko ba su ba ne.

7. A taron shekara, bayan addu'ar buɗewa, shugaba da ma'aji da magatakarda su miƙe su tambayi jama'a ko akwai wanda suka yi wa ba daidai ba, sa'an nan su yi shiru su saurara. Mu malaman gona ma a sa mu cikin masu miƙewa.

Na bakwai ɗin zai fi wuya. Wanda ya gwada zai ji zuciyarsa tana bugawa, a nan ne kuwa zai san ko akwai Uzziya a cikinsa.

Ubangijinmu Yesu, wanda dukan koguna da gonaki nasa ne, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. A daren da aka bashe shi kuma, cikin addu'arsa a Yahaya sura 17, ya kawo wa Uban lissafin aikin da aka ba shi da na mutanen da aka danƙa masa. In shi ya yi haka, ba abin kunya ba ne gare mu mu buɗe littafi.

Kaka tana zuwa, za mu kawo dammunan godiya gaban bagade. Kafin ranar, bari kowa ya zauna ya ƙirga abin da yake hannunsa wanda ba nasa ba ne: kuɗin ƙungiya, ruwan maƙwabci, ƙasar da 'ya'yanmu za su noma bayanmu. Wanda yake da abin mayarwa ya mayar tun ana iya mayarwa. Allah ya ba mu zuciya mai karɓar tambaya, ya same mu amintattu a ranar da zai tambaya. Amin.